Ranar da Lauya Ya Zage Kunne Ya Kasa Damtse

Lauya ake ce masa, amma sana'arsa yanka makulli ce. Laƙabin ya samo shi ne daga wata uku da ya taɓa yi yana share ofishin wani lauya, yana kai takardu, yana laɓewa a bakin ƙofa in manya na magana. Daga can ya fito da tsohuwar jakar fata wadda zik ɗinta ya mutu, da kuma yaƙinin cewa duniya ba ta da matsalar da magana mai nauyi ba za ta warware ba. Inda gizo ke saƙa masa shi ne, maganganun sun shiga kansa kamar makullai a gwangwani ɗaya. In ya sa hannu zai ɗauko guda, sai ya fito da kan wannan haɗe da wutsiyar wancan. Shi ne mai cewa mutum ya kwantar da jijiyar wuya ya tayar da hankalinsa. Shi ne ya taɓa zuwa duba mai jego ya ce Allah ya ba da haƙurin samun ƙaruwa. In an gyara masa sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ma'ana ɗaya ce."

Gidan da yake haya na wasu 'yan'uwa biyu ne, gadon ubansu. Wan tela ne, shagonsa na hannun dama. Ƙanen kafinta ne, nasa na hagu. Tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ƙofar shiga ɗaya, sai 'yar rumfar kwano ta Lauya a jikin ƙofar, kusa da kujerar Mai-aski.

Wata goma sha ɗaya ke nan Tela da Kafinta ba su gaisa ba. Asalin abin tebur ne. Kafinta ya yi wa yayansa teburin keken ɗinki, ƙafa ɗaya ta gaza sauran, Tela kuma ya faɗa a gaban mutane cewa ƙanensa ya yi masa tebur mai ɗingishi. Bayan wata guda Kafinta ya kai ɗinkin wando. Aka ba shi, ya zura da gaggawa, ya tafi taron iyaye a makarantar 'ya'yansa, sai da ya miƙe zai yi magana ya ga ƙafar dama na jan ƙasa, ta hagu ta tsaya a ƙwauri. Tela ya rantse kuskure ne. Ba wanda ya yarda, har matarsa.

Ranar Litinin da safe Tela ya fito da allin ɗinkinsa ya ja layi a tsakar gida. Layin ya raba famfo biyu, ya raba ƙofar shiga biyu, ya shiga rumfar Lauya ya bi tsakanin kujerarsa da injinsa ya fita. Kafin azahar mota ta sauke bulo da siminti. Birkila zai zo Asabar ya ta da katanga.

Matar Lauya ta tsaya a kan layin riƙe da bokiti. "Baban yara, ka ga ni? Kai kana wajen Tela, injinka na wajen Kafinta. Ɗakinmu na nan, banɗaki na can. Sai ka fara neman wani gida."

"Wani gida?" Lauya ya gyara jakarsa a hammata. "Maman yara, kin manta da wa kike aure. Kwana uku kawai. Zan zage kunne, in kasa damtse, in shiga tsakaninsu. Wannan wutar zan tumɓuke ta tun kafin ta yi fiffike."

Mai-aski ya dakata da aska a kan wani. "Wutar ce ke fiffike, Lauya?"

"Irin tasu tana yi. Kai dai ka zuba kunne. Yau zan yanke ɓarakar nan in ɗinke hukunci. In na gama, wannan rumfar ofishin sulhu za ta koma. Har na yi wa mai fenti maganar allo."

"Me za a rubuta?"

"Ana yanka makulli da rikici."

Matar ta ce, "Don Allah in za ka je, tafi da takarda da biro. Abin da aka faɗa maka ka rubuta."

"Kaina rijiya ce," in ji Lauya. "Abin da ya faɗa ciki ba ya ƙonewa."

Ya fara da Tela. Ya same shi yana taka keke, teburin na rawa duk da kwalin da aka cusa a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Abin da Lauya bai sani ba, Tela tun da ya ga an sauke bulon jikinsa ya yi sanyi. Fushi ne ya sa ya ja layin, yanzu kuma kunya ta hana shi gogewa. Don haka Lauya bai gama buɗe jaka ba Tela ya tare shi.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba. Je ka gaya masa ni na sauko. In ya zo zan karɓe shi hannu bibbiyu. Jini ɗaya muke."

Lauya ya ji haushi kaɗan, don ya shirya jawabin rabin awa. Amma ya fito yana maimaitawa, na sauko, hannu bibbiyu, jini ɗaya. Taku goma sha biyu ne tsakanin shagunan. A taku na huɗu ya tsaya ya amsa gaisuwa. A na takwas ya ga maganar ta yi masa sauƙi da yawa, ba ta da nauyin ofis, ya ɗan juya ta.

Kafinta na kan tsani yana gyara rufin rumfarsa, ƙusoshi uku a baki.

"Saƙo daga yayanka," in ji Lauya. "Ya ce ka sauko."

Kafinta ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu. "In sauko?"

"Yanzu. Ya ce in ka zo zai kama ka hannu bibbiyu."

"Ya kama ni? A ina?"

"Bai faɗi wurin ba. Amma ya yi maganar jini."

"Jinin wa?"

"Naku duka. Yana so ya zama wuri ɗaya."

Kafinta mutum ne mai sanyin hali, ko kaza ba ya iya riƙewa a yanka. Ya ƙara hawa mataki biyu a tsanin, ya zauna a bakin rufi. Daga nan ya ce, "Abin har ya kai nan? Lauya, ka koma ka ce masa ni ba na ja da shi. Yayana ne, a sama da ni yake. Maganar nan a binne ta a wuce wurin." Ya nuna wasu falankai da ya goge suka yi sumul, jingine da bango. "Ka ga waɗancan? Tun makon jiya na yanka su, sabon tebur zan yi masa, kunya ta hana ni shiga in auna. Karɓi tef ɗin nan ka auno mini. Ka ce masa wannan karon zai huta da jijjiga har abada."

Lauya ya cafe tef ɗin, ya wuce ta gaban Mai-aski yana kaɗa shi. "Ƙanƙarar ta fara nuna," ya ce.

Ya shiga shagon Tela ya ce, "Ranka ya daɗe, miƙe tsaye."

Tela ya miƙe, yana zaton ƙanensa ne ke tafe. Lauya ya taka bakin tef da ƙafa, ya ja shi har tsakar kan Tela. Sannan ya auna faɗin kafaɗa. Tela, da ya shekara talatin yana auna mutane, bai taɓa ganin an fara awo daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai ba.

"Wannan na mene ne?"

"Ƙanenka ya ce in auno ka. Katako zai haɗa maka."

"Katako?"

"Ya riga ya yanka tun makon jiya, ya goge su sumul. Ya ce ba zai ja ka ba, ɗaukar ka za a yi a sama. A binne a wuce wurin."

"A binne me?"

Lauya ya daki goshinsa yana lalube. "Kai dai yake magana a kai. Ya ce wannan karon za ka huta har abada, ko motsi ba za ka ƙara yi ba."

Tela ya leƙa ta taga. Ga falankai shida dogaye jingine da bango, ga ƙanensa a kan rufi yana kallon shagon, guduma a hannu. Ya zauna a kan tarin yadi.

"A kan wando? Ɗan da na goya?" in ji shi. "Lauya, ka ce masa ya ji tsoron Allah. In wandon ne, ya kawo. Na sayi sabon almakashi, zan rage doguwar ƙafar in daidaita masa su, ko sisi ba zai biya ba."

Wannan karon Lauya bai tsaya ko'ina ba, don ya ga saƙon na da daɗi. Ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji irin aikin da yake yi.

"Albishirinka! Ya sayi sabon almakashi saboda kai. Ya ce ka kawo ƙafarka, zai yanke doguwar ya daidaita maka su. Kyauta!"

Kafinta ya dubi ƙafafunsa da ke lilo a bakin rufi. Ya janye su sama a hankali.

Kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Kafinta ya sauko ta bayan gida, ya shige shagonsa, aka ji yana buga falanki a ƙofa ta ciki. Tela ya tura keken ɗinki da teburinsa mai ɗingishi ya tokare tasa ƙofar, ya buga wa birkila waya ya ce kada ya jira Asabar, ya zo Laraba, kuma katangar a ninka tsawonta. Matan 'yan'uwan biyu, waɗanda duk wata goma sha ɗayan nan suna aron gishiri a ɓoye, suka daina haɗa ido a famfo. Wata mai sayar da kayan miya ta rantse ta ga akwatin da idonta, har da murfi. Wani direba ya ce shi ya ji an riga an yanke ƙafar.

Mai-aski ya leƙo rumfar Lauya. "Sulhu ya yi kyau. Da ba sa magana, yanzu ba sa fitowa."

"Nazari suke yi," in ji Lauya. "Maganata ta shige su har ɓargon ido. Mutum in zai sauko dole ya fara hawa."

Matarsa ta ajiye masa abinci da ƙarfi har cokali ya yi tsalle. "Baban yara, me ka gaya wa mutanen nan?"

"Abin da suka gaya mini. Na dai ɗan sa masa riga."

"Wace irin riga?"

"Maman yara, harkar shari'a ce, ba za ki gane ba. Saura mataki na ƙarshe. Ranar Laraba zan tara jama'a, in fito da su, su rungumi juna a gaban kowa. Zan jefi tarihi, in ciri hawaye."

Talata gaba ɗaya ya yi ta yawo. Ya aro kujerun roba ashirin, ya aro lasifika daga mai tallan maganin ɓera, ya karɓo allonsa daga mai fenti tun bai bushe ba. Sannan ya hau mota ya je har gidan babbar yayar Tela da Kafinta, wadda kowa ke kira Yaya Babba, tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya. Ita ta raine su bayan rasuwar uwarsu, kuma har yau in ta yi gyaran murya Tela mai furfura yakan gyara zama. Lauya ya ce mata ta zo ta ga abin farin ciki, ƙannenta sun kusa gamawa da juna.

"Sun kusa me?" in ji ta.

"Gamawa da juna. Gobe da hantsi."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce za ta zo.

Laraba da hantsi tsakar gida ta cika har waje. Birkila ya riga ya iso, ya kwaɓa siminti tuli guda a gefen famfo, ya jingina da shebur yana jiran a ce ya fara. Yaya Babba na zaune a kujerar gaba, jaka a cinya, lema a hannu. Lauya ya sa kwat ɗin da ya yi aure da shi, ya hau kan tarin bulo don kowa ya gan shi, ya hura lasifika. Ta fara da muryar mai ita, "Ɓera ya ci ya mutu," kafin ya gano maɓallin.

"Jama'a!" ya ce. "Ku zuba kunne, ku kasa ido. Yau ranar share tarihi ce. Kun sani jirgin zumuncin gidan nan ya yi faci a tsakiyar teku, har ya fara zubar da ganye. Wutar gaba ta yi jijiya, ta yi ƙwai, tana shirin ƙyanƙyasa. Kowa ya naɗe ido ya zuba hannu. Ni kaɗai na tashi zaune, na buga ɗamara, na ɗaura ƙirji, na ce wannan guguwar sai na shanye ta da cokali!"

"Ka ƙoshi?" in ji Mai-aski daga baya.

Aka kwashe da dariya. Lauya ya ɗauka tafi ne a wata siga, ya ƙara murya.

"Kafin in fito da su, bari in gabatar da babbar baƙuwarmu. Yaya Babba! Mace mai dogon hannu, kowa ya shaida. Mace mai nauyin kai da faɗin rai. Shekara talatin tana wanke wa 'ya'yan mutane aljihu da ilimi. Muna roƙon Allah yau ɗin nan ta kwanta dama a cikinmu!"

Wata tsohuwa ta ce, "Subhanallahi." Matar Lauya ta ja mayafi ta rufe fuska. Yaya Babba ba ta motsa ba. Ta ɗaga lemar kawai ta nuna shi.

"Kai. Kashe abin nan."

Ya kashe.

"Ina ƙannena?"

Ba ta jira amsa ba. Ta juya dama ta kira Tela, ta juya hagu ta ce, "Auta!" Kira ɗaya ɗaya. Aka ji ana jan keke a dama, ana zare ƙusa a hagu.

Tela ya fara fitowa. Ya rataya katakon guga a ƙirji kamar garkuwa, dutsen guga a hannun dama, idanunsa jajur don kwana biyu bai runtsa ba. Sai ga Kafinta. Ya ɗaure kowace ƙafa da falanki huɗu daga cinya zuwa idon sawu, ya naɗe da waya, yana tafiya ƙwaras ƙwaras ba ya iya lanƙwasa gwiwa. Suka tsaya kowa a gefensa na layin alli, suna kallon hannun juna.

"Kun gani?" in ji Lauya ba lasifika. "Har sun yi kwalliya."

Yaya Babba ta miƙe ta tsaya a kan layin. "Auta, mene ne wannan a ƙafarka?"

"Yaya Babba, cewa ya yi zai yanke mini doguwar."

"Ni?" Tela ya saki dutsen guga. "Ƙafar wando na ce! Shi ne fa ya haɗa mini akwati, har ya aiko a auna ni!"

"Akwati? Tebur ne! Tebur na ce a auno!"

"Ka ce a binne ni!"

"Maganar na ce a binne! Kai ne ka ce in sauko ka kama ni jini ya zuba!"

"Ni na ce na sauko! Na ce jini ɗaya muke, ɗan uwata!"

Tela da Kafinta suka dubi juna. Sannan kawuna suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa saman tarin bulo.

Yaya Babba ta tako har gindinsa. Muryarta ta koma ta aji. "Maimaita bayana. Na sauko."

"Ka sauko," in ji Lauya.

"Na."

"Ai ni ina sama, ranki ya daɗe. Ke ce a ƙasa."

"A binne maganar."

"A binne mai maganar."

"Karɓa hannu bibbiyu."

"To ai sai an kama ake karɓa. Ma'ana ɗaya ce!"

Mai-aski ya zame daga kujerarsa yana riƙe da ciki. Birkila ya kifa kai a kan shebur, kafaɗunsa na rawa. Mai kayan miya, wadda ta ga murfin akwati da idonta, ta fi kowa ƙyaƙyatawa. Matar Tela da matar Kafinta suka dafa juna suna share hawaye.

Lauya ya ga taron na zame masa. Ya kunna lasifika, ya ɗaga allonsa sama da ɗaya hannun, ya ja da baya don ya ƙara tsawo. "Jama'a, kada ku yanke ido da wuri! Ni ne na haƙa gadar da suka..."

Ba a ji ƙarshen gadar ba. Bulon da ya taka ba ya kan komai. Tarin ya buɗe, Lauya ya tafi da baya, allo a sama, lasifika na ihun ɓera ya ci ya mutu, ya sauka zaune daɓas a tsakiyar simintin birkila. Bulo ɗaya ya biyo shi a hankali, kamar mai tunani, ya sauka a kan babban yatsansa na ƙafa.

Ihun da ya yi, shi kaɗai ne maganarsa a makon nan da kowa ya fahimta daidai.

Aka rasa abin ɗaukarsa. Kafinta ya tafi ƙwaras ƙwaras ya jawo falanki mafi faɗi cikin na sabon teburin. Aka zaro Lauya daga siminti, takalmi ɗaya ya zauna a ciki, aka shimfiɗa shi. Kafinta ya kama wajen ƙafa. Wajen kai ba kowa, sai Tela ya ajiye katakon guga ya kama.

"Ɗaga naka gefen," in ji Tela, bai dube shi ba.

"To, Yaya."

Suka yi taku uku. Tela ya shafa gefen falankin da babban yatsa. "Wannan ne teburin?"

"Shi ne."

"Ya yi sumul."

"Ƙafafun ma zan auna sau biyu."

"Ka kawo wandon," in ji Tela. "Wandon kawai."

Birkila ya biyo su har ƙofa yana tambaya a yi ginin ko a bari, siminti na bushewa. Yaya Babba ta ce ya kwashe bulon ya je ya gyara katangar baya da ta rushe tun bara, sannan ta sa aka kawo bokiti aka wanke allin.

Ƙaramin asibitin unguwar bai da nisa, amma rabin taron ya raka su. Aka kwantar da Lauya a gado, siminti ya fara ƙamewa a kwat ɗinsa, matarsa na tsaye a kansa da takalmi ɗaya a hannu. Nas ta zo da kati da biro, mace mai ɗaurarriyar fuska wadda ba ta san shi ba.

"Me ya faru?"

"Faɗowa ya yi daga kan bulo," in ji matar.

"Malam, ina ke maka ciwo? Faɗa mini duk abin da kake ji."

Lauya ya dubi silin. Kunya da tsoro sun kwashe masa duk rigunan da yake sa wa magana. Ya buɗe baki, kuma a karo na farko tun da aka san shi, kowace magana ta fito da kanta da wutsiyarta.

"'Yar'uwa, kaina ya ɗaure. Cikina ya ɗuri ruwa. Gwiwata ta yi sanyi, zuciyata ta tsinke, jikina duk ya mutu."

Biron nas na gudu a kan kati. "Ruwa a ciki. Tun yaushe?"

"Tun da Yaya Babba ta ɗaga lema."

"Gwiwa ɗaya ko duka biyun?"

"A'a, ba wannan gwiwar ba. Magana ce kawai. Yatsa ne ke..."

"Mutum ya faɗo daga sama ya ce mini cikinsa ya tara ruwa, zuciyarsa ta tsinke, ba na wasa da shi." Ta leƙa ƙofa ta ƙwala kira a kawo keken marasa lafiya. "Za a yi hoton kai, da na ciki, da na ƙirji. Ba ci ba sha sai likita ya gani. Kafin nan allura biyu."

"Allura?" Lauya ya yunƙura, kwat ɗin ya ƙi lanƙwasuwa. "Maman yara, yi mata bayani! Gaya mata haka ake faɗa!"

Matar ta dubi nas, ta dubi allurar da ake zuƙa, ta dubi mijinta. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗora takalmin a cinya.

"Baban yara, harkar asibiti ce," ta ce. "Ba zan gane ba."

"Malam," in ji nas, "juya."